Kwarin ƙasan layinmu ya sake cika: mu kira gayya ko mu haƙura?

Hamman Arawa: Assalamu alaikum jama'a. Hoton da na turo na kwalbatin ƙasan layinmu ne a nan Gombe, jiya da yamma na ɗauka. Waɗanda suka fito aikin gayyar bara za su gane wurin, don nan muka fi jin jiki. Baki biyu ne da kwalbatin, amma ɗaya ya nutse gaba ɗaya, ɗayan kuma ko akuya ba za ta ratsa ba. Ledar fiya wata, robar lemo, famfas, tsumma, har da tsohuwar katifa. Ga Afrilu ya raba, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mu sake kiran gayya kafin ruwan farko, ko mu haƙura tunda na bara bai je ko'ina ba? Don Allah kowa ya faɗi abin da ke ransa, kada a jera "Allah Ya ba da lada" a watse.

Auta: Katifar nan tun azumi take wurin, karnuka ma sun saba da ita.

Ɗan Jekadafari: Wa alaikumus salam Hamma. Ni dai ba zan fito ba, kuma ba ƙiwa ba ce. Bara mun kwashe, mun tara a bakin hanya tsibi guda, mai tifar da aka yi ciniki da shi ya karɓi rabin kuɗi bai zo ba. Awaki suka baje, iska ta ɗebe leda, ruwan farko da ya sauka ya mayar da sauran cikin kwarin. Ashe wahalar da muka sha ita ce mu ɗaga shara daga ƙasa mu ajiye ta sama na kwana kaɗan. Wannan aikin hukuma ne, a rubuta takarda kawai.

Adda Maman Ilham: Ɗan Jeka, ka yi gaskiya rabi. Bari in faɗa muku abin da ku maza ba ku gani, don ku da safe kuke ficewa. Shara a cikin gida ake yin ta, kuma mace ce ke tara ta. Bokiti ya cika, wari ya fara, ƙuda ya taru, ga yara na rarrafe. Ni ba fita zan yi da bokiti a ka ba. Yaro zan ba, ko almajirin gidan. Shi kuma yaron nan da bokitin ya fi ƙarfinsa, ina kuke tsammanin zai kai? Mazubin da ya fi kusa da mu sai ka tsallaka babban titi, ga 'yan acaɓa na gudu. Kwari kuwa taku kaɗan ne daga ƙofar gida. Ko ni ce uwarsa ba zan ce ya tsallaka titin ba. To ku yi gayya sau ɗari, ranar Lahadi da safe bokitina ya cika, kuma kwarin zai je. Ba alfahari nake ba, abin da ke faruwa nake faɗa.

Malama 'Yar Herwagana: Adda kin taɓo inda yake. Ki ƙara da na ranar ruwa. Da an fara yayyafi za ki ga yara na fitowa da bokitai a guje, kowa na juyewa a lambatu wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba inda yake kai ta sai ƙofar wani.

Manomin Fadama: Ƙofarmu ke nan, mu na gabas. Garin Gombe a gangare yake, ruwan da ya sauka can yamma wajen Tumfure kanmu yake biyowa kafin ya nufi Gongola. Duk abin da kuka juye, mu muke karɓa. Ku zo gonata bayan ruwan Agusta ku gani. Leda na maƙale a gindin masara har sai ka tsuguna ka zare da hannu, garma na shiga ƙasa tana fito da ita a naɗe. Inda ta kwanta da yawa saiwa ba ta ratsawa, shukar wurin sai ta tsaya ja-ja.

Kuma da can mu muke roƙon bola. Ubana da jaki yake zuwa cikin gari ya kwashi juji ya kai gona, don toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, taki ne mai kyau. Yanzu in ka zuba bolar gari a gonarka, rabi leda, sauran kwalba da batir. Har yau wasu na saye don tsadar takin zamani, amma sai an zauna an tsince.

Bappa Mai Goro: Salamu alaikum. Yara, na ga ana ta magana kan masu zuba shara a kwari kamar marasa hankali. Ni da gangan nake zubawa, kuma ba ni kaɗai ba. Lokacin da na gina gidan nan kwarin ɗan rami ne, yaro ma na tsallakewa. Ambaliyar watan Agustan 2004 ta zo, a dare ɗaya ya ci ƙasa har ya iso kusa da katangata. Wanda ya ga wannan ruwan ba ya mantawa, mutane sun rasu, gidaje sun tafi. Tun daga lokacin muke cika gefenmu da bola, kuma ga katangar nan tsaye har yau. Bara da kuka zo da manjagara kuna jan ta, ni na hana a taɓa gefena, wasu suka ji haushi. In kun kwashe, me za ku sa a wurin?

Auta: Bappa ashe kai ne shugaban masu zubawa, mu muna nan muna zargin almajirai.

Admin: Auta, a kiyaye harshe, Bappa sa'an mahaifinka ne.

Auta: Tuba nake Bappa.

Injiniya: Bappa, Allah Ya ƙara girma. Tambayarka ita ce ta fi kowacce nauyi a nan, kuma ba wanda zai raina tsoron da ya sa kake yi. Amma bari in faɗi yadda abin ke aiki, don na sha tsayawa a bakin irin waɗannan kwaruruka.

Ƙasar garin nan yashi ce mai saurin zubewa. Garin da aka dawo da shi nan Doma a 1919 ƙarami ne, kewaye da daji da gonaki masu shanye ruwa. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gini ya bazu, aka sare itatuwa, aka rufe ƙasa da kwano da siminti da kwalta. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi, kuma duk a lokaci ɗaya yake isowa kwari. Wannan shi ne asalin ciwon, ba shara ba.

Bola kuwa tana rage ƙarfin ƙaramin ruwa, shi ya sa ake ganin kamar tana aiki. Amma ba ta da saiwa, ba ta danƙaruwa kamar ƙasa, ruwa na bi ta ƙarƙashinta yana ci a ɓoye. Ranar babban ruwa sai ta tashi gaba ɗaya, ta je ta toshe kwalbati. Kuma ba leda kaɗai ke toshewa ba. Leda da tsumma su ke fara maƙalewa, sai yashi ya taru a bayansu ya daskare. In ka tona kwalbatin da ke hoton Hamma, mafi yawan abin da za ka fitar yashi ne. Da baki ya toshe, ruwa sai ya haura sama ya nemi hanya ta gefe, ya ci ƙasar bayan simintin, shafin ya rufta. Daga nan sai ya juyo kan katangar da ta fi kusa. Wato bolar da ta tsare ka shekarun nan, ita ce za ta iya turo maka ruwan da ya fi na da.

Abin da za a sa a madadinta akwai: buhunan yashi a jere a gindin gaɓar, a bayansu a dasa jema da kashe-kwari. Saiwar jema na nutsawa mita biyu zuwa uku, ita ke riƙe ƙasa da gaske. Sai dai ba a dasa ta yau ta riƙe gobe, damina guda take so.

Bappa Mai Goro: To a cikin daminar guda ɗin, wa zai kwana a ɗakin da ke jikin katangar? Ni ne, ba kai ba.

Injiniya: Gaskiya ne Bappa. Shi ya sa na ce buhu ya riga zuwa.

Ɗan Jekadafari: Duk wannan bayanin ya ƙara tabbatar da maganata. Aikin ya fi ƙarfin manjagara. Ai mun ga yadda aka gyara kwarin Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna a ƙarƙashin shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, ga kuma na kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, mai tsawon kimanin kilomita 21 da aka yi da wani shirin, ACReSAL. Kuɗin Bankin Duniya ne da manyan motoci. Mu nemi a sa namu a layi.

Injiniya: A nema, ba laifi. Amma ka je ka leƙa duk wata magudanar siminti da ke ratsa unguwa, a ko'ina take a ƙasar nan. In mutanen gefenta ba su da wurin zuba shara, cikinta suke zubawa. Siminti ba ya share kansa. Asali ma ruwa ya fi gudu a kan siminti, don haka sharar ta fi saurin isa ga su Manomin Fadama.

Likitan Shanu: Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Duk wanda ke shakkar illar leda ya je mayanka da sassafe ya tsaya inda ake wanke tumbi. Za ka ga an yanka saniya, an farka tumbin, an zaro dunƙulen leda da igiya da tsumma a murɗe, baƙi ƙirin, da ƙyar mutum ɗaya ke ɗagawa. Dabba na lasar ledar don gishiri da man da ke jiki, musamman a rani da ciyawa ta ƙare. Ledar ba ta narkewa, ba ta fita. Tana cika tumbin, dabbar ta ji kamar ta ƙoshi, ta daina cin abinci, ta yi ta ramewa ga ciki ƙato. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Ba allurar da ke fitar da ita, sai tiyata, kuma da yawa kafin a gane an makara. Awakin da ake saki cikin gari sun fi kowa kamuwa. Ragon layyar da kike kiwo Adda, in yana fita, ki sa masa ido.

Adda Maman Ilham: Innalillahi. Wata tunkiyata haka ta yi ta bushewa har muka yanka, mahaucin ya nuna mini abin da ya ciro, ban iya cin naman ba.

Alaramma: Jama'a, a addinance ma maganar a fili take. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma ya yi hani ga ɓata mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Zan yi magana da liman a taɓo shi a huɗuba. Amma ina tare da Adda: in ka ce wa mutum kada ya zuba a nan, ka nuna masa inda zai zuba, in ba haka ba wa'azin a ƙofar masallaci zai tsaya.

Malama 'Yar Herwagana: Tunda Alaramma ya ambaci inuwa, bari in kawo wani wurin da ba kwari ba. Zangon karatun da ya wuce mun kai ɗalibai dajin Kanawa, nan kan hanyar Dadin Kowa, a Yamaltu-Deba. Wanda bai taɓa shiga ba ya daure ya je. Kana barin titi da zafinsa sai ka ji sanyi ya sauko, itatuwa dogaye sun haɗe sama, ga ruwa na gudana a ƙasa, ga kukan tsuntsaye. Yaran da suka tashi cikin Herwagana ba su taɓa ganin irinsa ba, wata ta tambaye ni ko nan ma Gombe ne. Amma a bakin ruwan, inda mutane ke zama su ci abinci, ga robar lemo, ga farar robar shinkafa, ga ledar biskit a maƙale cikin saiwoyi. Mun zo da buhu biyu don namu, muka ƙarasa cika su da na wasu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan ba sharar mai bokiti ba ce da ya rasa mazubi. Wanda ya je can da mota ya je, da kula cike da lemo. Ya iya ɗauko ta cike, amma mayar da ita wofi ya gagare shi. Don haka uzurin da Adda ta kawo, wanda na yarda da shi, bai rufe kowa ba.

Ɗan Bauchi: Malama kamar kin je Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta gandun dajin Yankari, ranar hutun Sallah. Ruwan nan garai-garai, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 rani da damina, kana ganin yashin ƙasa. Sai ka ga mutum ya gama shan lemo ya ajiye robar a gindin bishiya ya koma wanka. Su gwaggon biri kuma sun koyi fizge leda daga hannun mutane, su yaga su watsar. Ma'aikata na tsincewa, amma mutum nawa za su bi? Yankari tun 1956 aka keɓe ta, mutane daga ƙasashen waje ke zuwa, mu na gida mu ke barin alama.

Auta: Ɗan Bauchi an samu dama an tallata Yankari.

Ɗan Bauchi: Kafin 1996 taku ce ku ma, ku kuka tafi.

Hajiya Mai Atamfa: Ni harkar kasuwanci ta taɓa kai ni Nairobi, aka kai ni dajin Karura. A cikin birnin yake, hekta wajen dubu. Shi ne wanda Wangari Maathai, 'yar gwagwarmayar kare muhalli ta Kenya, ta tsaya a kai a 1998 da 1999 lokacin da ake son yanka shi filaye, har aka fasa mata kai, daga baya ta samu kyautar Nobel a 2004. Yanzu an kewaye shi, akwai masu gadi, ana biyan kuɗin shiga, kuma ba a shiga da robar ruwa ta yarwa. Kenya ta hana ledar cefane tun 2017, a 2020 kuma ta hana robar amfani sau ɗaya a gandun daji da bakin teku. Na yi tafiya mai nisa a ciki ban ga leda ba. Ba wai mutanen can sun fi mu tarbiyya ba ne, a ƙofa ake tare abin.

Ɗan Jekadafari: Hajiya, in aka sa shinge da kuɗin shiga, ɗaliban Malama su ne farkon waɗanda za a bari a waje. Da mai itace da mai kiwo da suka gāji wurin.

Hajiya Mai Atamfa: Ban ce a kwafo komai ba ɗana. Duba jaka a ƙofa ba ya buƙatar shinge. Ka shiga da roba biyar, ka fito da biyar.

Malama 'Yar Herwagana: Wannan zan fara da ɗalibaina in Allah Ya kai mu, a ƙirga a bakin mota.

Ɗan Jekadafari: To ni a hana ledar gaba ɗaya mana. Ruwanda ta yi tun 2008. Legas ma ta hana farar robar abinci a farkon 2024. Mu me muke jira?

Adda Maman Ilham: A hana fiya wata mu sha me? Ka san kwana nawa famfo kan yi bai zo ba a wasu layukan? Ga madatsar Dadin Kowa nan kusa, amma mutum nawa ne ruwan ke isa gidansu kullum? Mai shayi, mai ƙosai, mai awara, mai manja na cokali, duk da leda suke sana'a. Ranar da ka kawo abin da zai maye ta a farashi ɗaya, ni ce farkon mai bari.

Bappa Mai Goro: Da ganye ake ƙulla goro da ƙosai, a kwarya ake sayen nono. Kuma akwai duba-gari. In ya shigo gida ya ga ruwa kwance ko juji a ƙofa, sai ka je gaban alƙali. Matan gida na jin an ce ga shi nan kowa ke neman tsintsiya. Zamanin Buhari da Idiagbon kuma, 1984 zuwa 1985, soja ke tsayawa a kanka ranar tsafta.

Auta: Bappa da duba-garin na nan da kai zai fara kamawa.

Bappa Mai Goro: Da yana nan da kwarin bai kai haka ba, ɗan nema.

Sarkin Gwangwan: Ku bari mai sana'ar ya yi magana. Ana cewa shara kuɗi ce, gaskiya ne amma ba kowacce ba. Ƙarfe, alminiyam, tagulla, tsohon bokiti da kujerar roba, waɗannan ba sa kwana a bola, yarana na tsince su tun kafin rana ta yi zafi. Shi ya sa ba ku gan su a hoton Hamma ba. Abin da ya rage a kwari shi ne wanda ba mai so. Gorar ruwa ana saye in an tara da yawa. Ledar fiya wata ma akwai masu saye a kilo, suna narkawa, amma ba ta da nauyi, sai ka cika ƙaton buhu kafin ta yi abin kirki, kuma busasshiya mai tsabta suke so. Wadda ta kwana cikin laka da famfas ba wanda zai karɓa ko kyauta. Baƙar ledar cefane kuwa ba ta da kasuwa sam.

In kuna so a rage, a gida za a raba. Kowace mace ta rataye buhu ɗaya a bayan ƙofa, fiya wata da gora kawai. Ni zan turo yaro duk mako ya auna ya biya. Ba kuɗin arziki ba ne, na sabulu ne. Amma abin da ya shiga buhun nan bai shiga kwari ba.

Adda Maman Ilham: Wannan mata za su yi, in dai yaron zai zo da gaske kuma sikelinsa na da gaskiya.

Sarkin Gwangwan: Adda ki auna da naki sikelin.

Auta: Ni ina da shawara mai sauƙi. A tara a banka wuta, ba tifa ba rigima.

Nas: A'a Auta, don Allah. Hayaƙin leda da roba guba ne, masu asma da jarirai da tsofaffi su ke fara jigata, kuma a unguwa mai cunkoso cikin ɗakuna yake shiga. Sannan in za a yi aikin, a yi shi da hankali. A cikin kwarin nan akwai fasasshiyar kwalba, reza, tsohuwar allura, ga bahaya da ake ƙullawa a leda. Kada kowa ya shiga da silifas ko hannu tsirara. Takalmin roba, safar hannu mai kauri, takunkumi. Yara ƙanana su tsaya a sama su riƙe buhu. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke da sabulu nan take ya zo a yi masa allurar tetanus, kada ya ɗaure da tsumma ya ce ba komai. A ajiye ruwa da sabulu kafin a taɓa abinci, amai da gudawa daga irin nan yake tashi da damina. Kuma in hadari ya haɗu ko da can yamma ne, kowa ya fito. Ruwan kwari na iya isowa alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba.

Injiniya: Na ƙarshen nan a ja masa layi. Wani ya turo mini a gefe yana tambaya ko a sa ragar ƙarfe a gaban kwalbatin ta riƙa tare shara. Ana yi a wurare da yawa, har Baltimo ta Amurka suna da wata na'ura mai kwashe shara a bakin kogi tun 2014. Amma raga na buƙatar mai kwashe ta bayan kowane ruwa. In ba shi, ita da kanta za ta zama toshiyar. Kuma ban san kwana nawa ƙarfe zai yi a wurin ba.

Sarkin Gwangwan: Injiniya ba yarana ba ne.

Injiniya: Ban kama suna ba.

Hamman Arawa: To Alhamdulillah, na karanta duka. Ga yadda na fahimta, a gyara mini. Ba za a sa ranar gayya ba sai an san motar da za ta kwashe a ranar, tana tsaye muna lodawa, ba a tarawa a bakin hanya. Zan rubuta wa hukumar kare muhalli ta jiha, GOSEPA, takarda da sa hannun mai unguwa, mu nemi mota da kuma mazubi a wannan gefen titin. In an dace da Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata ya fi, don kowa na gida. In motar ba ta samu ba mu yi karo-karo mu ɗauki tifa, kuma ba a biyan ko sisi sai ta juye lodin farko ta dawo. Kafin mazubin ya zo, mu samu yaro mai kura ya riƙa bi gida-gida, kowane gida ya ba da abin da aka yanke a mako. Injiniya, maganar jema da itatuwa fa? Na san shirin Gombe Goes Green da aka fara a 2019 na raba dashe.

Injiniya: Zan bincika dashen. Amma itace a saman gaɓa za a sa, nesa da baki kaɗan. Jema da kashe-kwari su ne na gangaren.

Ɗan Jekadafari: Kuɗin mai kurar nan shi ne inda za a watse. Wata na farko kowa zai biya, na biyu rabi, na uku yaron ya gudu. Na gani a layinmu.

Adda Maman Ilham: Don maza ne suka karɓa. Ku bar mana. Muna da adashi da ya shekara bakwai ba a taɓa cin kuɗin kowa ba, ranar zubi za a haɗa da na shara. Gidan da ba hali, kuɗin buhun fiya watarsu ya biya musu.

Ɗan Jekadafari: In ya kai wata uku, ni zan sayi baro in ba ku.

Adda Maman Ilham: Admin a adana wannan saƙon.

Admin: An adana.

Manomin Fadama: Ni tambayata ɗaya, tifar ina za ta juye? Kada a kwashe daga kwarinku a zo a zube mana a bakin gona da dare, an sha yi.

Hamman Arawa: Wajen da hukuma ta ware za ta kai. Ka ba mu mutum ɗaya daga wajenku ya hau gaban motar.

Manomin Fadama: Ni da kaina zan hau.

Bappa Mai Goro: Hamma, ka sa sunana, shebur biyu da baro ɗaya, ruwan sha ma daga gidana. Ku fara da kwalbatin da ɗaya gefen. Amma gefen katangata ba mai sa manjagara sai na ga buhunan Injiniya a jere, na taka su da ƙafata. Injiniya, guda nawa ne, kuma wa zai sayi buhun?

Injiniya: Gobe bayan La'asar zan zo da tef in auna, Bappa. Buhun siminti wofi ma ya isa, a fara tambayar magina.